Mesar Yaya a Rumbun Baba

Laifina ne daga farko har ƙarshe, kuma gara in faɗa da bakina, domin yadda ake ba da labarin yanzu a kasuwar Ƙarfi har an fara mayar da ni jarumi. Ni ba jarumi ba ne. Mutum ne da aka ba amana tare da takarda rubuce ciki da bai, ya karanta gaba ya ƙyale baya.

Yayan matata ya yi shekara da shekaru yana tuƙa wani Bature injiniya a Ikko. Baturen yana kiwon macizai yadda muke kiwon tantabaru, kuma da zai koma ƙasarsu sai ya bar wa Yaya guda ɗaya da suka raina tare tun ba ta fi kamu ɗaya ba. Da Yaya ya ajiye aiki ya dawo Funtua, da ita ya dawo. Mu dai mesa muke ce mata, shi kuwa kullum sai ya gyara mana. Ya ce sunanta bowa, danginta a dazuzzukan Kudancin Amurka suke. Mesarmu ƙwai take yi ta kwanta a kai, ita kuwa haihuwa take yi, 'ya'yan su fito da ransu suna motsi. Ba ta da dafi ko kaɗan. Nannaɗe abinci take yi ta matse, sannan ta haɗiye ta wajen kai.

Tsawonta ya fi nawa, kaurinta kamar damtsen maƙeri. Jikinta ruwan toka ne mai ɗan ƙasa-ƙasa, da zane-zane masu duhu a gadon baya kamar an jera mata ƙananan sirada. Zanen nan yana tafiya yana ƙara ja har ya kai wutsiya, inda ya koma launin lallen da ya kama sosai. Shi ya sa a gidan Yaya ake ce mata Jar-wutsiya.

Wata bazara yanar ido ta matsa wa Yaya, 'yarsa da ke aure a Kaduna ta ce ya je a yi masa aiki, ya zauna wata biyu a wurinta. Mijinta ya ce Yaya ya zo da duk abin da yake so ban da abin cikin akwati. Aka zagaya dangi, kowa ya ce yana da uzuri. Ni ba a ma tambaye ni ba na ɗaga hannu.

Matata ta dube ni tun daga hula har takalmi. Ta ce, "Malam, kai da ƙadangare ya faɗo maka a banɗaki ka fito ba buta?"

Na ce, "Wancan ba a gabatar da mu ba."

A a-kori-kura aka kawo ta. Akwatin katako ne dogo, gabansa gilashi, samansa raga, da sakata biyu. A ciki akwai daro na ruwa wanda za ta iya shiga ta jiƙa, da fasasshiyar tukunya da aka kife don ta ɓuya, da wani dutse mai kaushi da ban san amfaninsa ba. Aka sauko da rabin duro cike da fararen ɓeraye waɗanda Yaya ke kiwo da dusa saboda ita. Yaya ya tsaya yana ƙanƙance ido yana yi mini bayani. A canza ruwa kullum. A jiƙa buhun algarara a shimfiɗa a rabin ragar, domin ita 'yar daji mai laima ce, busasshiyar iskarmu tana wahalar da ita. Kada rana ta doki gilashin. Ɓera ɗaya babba duk bayan mako biyu, kuma a kashe shi tukuna, don rayayyen ɓera yana iya cizon ta. In ta ci, kada a taɓa ta sai bayan kwana biyu, in ba haka ba ta amayar.

Yana magana ina cewa "to, to", amma wallahi idona yana kan jama'ar da suka fara taruwa a ƙofar gida. Ya miƙo mini takarda ya ce, "Komai na rubuta a nan. Ka karanta duka."

Na ce, "Yaya, ai na yi firamare har aji shida."

Ya riƙe hannuna ya ce, "Shekara goma sha huɗu muna tare da ita. Ban ce ka so ta ba. Ka dawo mini da ita da rai kawai."

Da motar ta tashi na duba gaban takardar, na ga abin da ya riga ya faɗa ne. Akwatin kuma yana ɗan girgiɗi a daɓen shagon da na ajiye shi. Sai na ninke takardar huɗu na cusa a ƙarƙashin ƙafar akwatin. Ya zauna daram. Har na yaba wa kaina dabara.

Kwana uku ina kallon ta daga nesa. Rana ta huɗu na yi ta maza na sa hannu. Na zaci sanyi da santsi zan ji, sai na ji bushe take, sumul kamar sabon takalmin fata, da wani ƙarfi yana tafiya a ƙarƙashin fatar. Ta hau hannuna a hankali, tana fiddo harshe tana mayarwa, wanda Yaya ya ce da shi take shinshinar duniya. Ba ta yi mini komai ba. Daga wannan rana kaina ya tashi.

Ni da a majalisa ba a taɓa tambayar ra'ayina ko a kan farashin taki ba, sai ga mutane daga Tsiga a kan babur sun zo ganina. Wani direba daga Malumfashi ya tsayar da mota da fasinjoji a ciki. Mai shayin bakin titi ya fara ce mini Sarkin Macizai, ni kuma na fara amsawa. Da la'asar nakan ɗauko ta in zauna a kan turmi, in ɗora ta a cinya, in yi bayani kamar ni na je Kudancin Amurkan na kamo ta. Har tafiyata ta canza. Matata ta ce ina taku kamar zakaran da aka sayo jiya.

Sai ƙarya ta shigo. Na lura cewa in na buɗe sakata da la'asar tana fitowa daga tukunyar da kanta, saboda motsin katakon da take ji a jikinta. Sai na riƙa yin fito kafin in buɗe. In yi fito, in zare sakata, ta fito. Jama'a su ɗauki salati. Na ce musu ta san muryata, ko daga ina na kira ta za ta zo. Allah Ya yafe mini, har cewa na yi tana jin Hausa amma ta fi gane Turanci.

Ciyarwa biyu ta wuce lafiya. A ta uku na miƙa mata ɓera, ta shinshina ta kau da kai. Na ga kuma launinta ya ɗan dushe, jan wutsiyar ya zama kamar tsohon zane. Ni da ilimina na yanke hukunci cewa ta gaji da fararen ɓeraye ne, tana marmarin ɗan ƙauye.

A daidai lokacin ne Baba ya zo. Baba maƙwabcinmu ne, tsohon manomi, yana kan al'adar kakanninsa, mu muna kan tamu, kuma katanga ɗaya muka haɗa tun zamanin mahaifina. Shi ke da shanun noma biyu a unguwar. Kowace damina in ya gama huɗarsa, gonata suke shiga, bai taɓa cewa in kawo ko ƙwayar goro ba. A wajenmu abin maƙwabci na aro ne, turmi, tsani, jaki, garma. Wanda ya ara maka shanu kuwa ba ka buɗe baki ka ce masa a'a.

Ya zauna ya daɗe yana kallon gilashin, sannan ya ce, "Ɗan nan, wannan baƙuwar taka ɓera take ci?"

Na ce, "Shi ne tuwonta, Baba."

"To ɓeraye sun mai da rumbuna gidan biki. Kyanwata ta ga yawansu ta yi murabus. Ara mini ita kwana biyu ta yi musu wa'azi."

Matata daga bayan ƙyaure ta ce, "Malam, ba taka ba ce."

Na ji ta sarai. Amma ga damina tafe, ga shanu, ga kuma mutum biyar zaune suna jiran su ji abin da Sarkin Macizai zai ce. Baba ya ƙara da cewa, "In ta gama ai sai ka yi mata fito ta fito."

Na ce, "Ƙwarai kuwa."

Rumbun Baba na laka ne, babba, a kan duwatsu, ba shi da ƙofa sai ta sama inda ake ɗaga jinka. Muka jingina tsani, na hau da ita a buhu, na kwance bakin buhun. Ta zura kai, ta sulale tsakanin damman dawa, jan wutsiyar ya bi ya ɓace. Na sauko ana tafa mini. Ko ruwa ban sa mata ba, ga zafin bazara.

Rana ta biyu da hantsi na leƙa gidan Baba ina fara'a. Na tarar da Inna, matarsa, tana share gindin rumbu. A cikin sharar na ga ɓeraye uku matattu, ga wani na huɗu yana tafiya yana tangaɗi kamar ya kwana a gidan burkutu.

Na ce, "Inna, kin ga aikin baƙuwata?"

Ta ce, "Wace baƙuwa? Aikina ne. Shekaranjiya da safe na barbaɗa musu shinkafar ɓera a ƙarƙashi. In na jira dabarar maza sai mu ci ƙasa."

Shinkafar ɓera guba ce. Ɓeran da ya ci ya hau rumbu, duk abin da ya haɗiye shi ya haɗiye gubar. Wannan ko ni na sani. Na zauna a kan turminta ba a ce in zauna ba.

Baba ya fito daga turken shanu. Da ya ji, sai ya ce, "To me kake jira? Yi mata fiton."

Kafin in hau tsani labari ya zagaye unguwa. Aka cika gidan, har kan katanga. Na ɗaga jinka na yi fito. Shiru. Na sake yi da ƙarfi. Wani daga kan katanga ya ce, "Gwada da Turanci!" Aka kwashe da dariya. Na yi ta fito har leɓɓana suka bushe, sautin ya koma kamar iska na fita daga tayar keke. Daga nan na juyo a kan tsanin nan, a gaban kowa, na ce, "Jama'a, ƙarya nake yi. Ba ta jin fito. Ko ramin kunne ba ta da shi. Kuma ba tawa ba ce, amana ce."

Mai shayi ya ce, "Ashe sarautar ta riƙo ce."

Hanya ɗaya ta rage, a fitar da dawar duka. A nan ne abin ya yi nauyi, domin a wajenmu cikin rumbu sirrin maigida ne. Ko matarsa ba ta leƙawa, abin da ya ɗebo ya ba ta shi take gani. Balle a bazara, lokacin da kowa ke auna na wani da ido. Baba kuwa tun kaka yake kuka cewa bana bai samu komai ba, duk ɗan'uwan da ya zo da ƙwarya sai ya koma da addu'a.

Na sauko na durƙusa. Na ce, "Baba, ka rufa mini asiri."

Ya ce, "In rufa naka in tona nawa?"

Ya dubi rumbun, ya dubi jama'a, ya soshe gemu. Ya ce, "Mai ita yana kwance ba ido, ko?" Na ce e. Ya ce, "Hau. Amma kai za ka shiga, tun da kai ne sarki."

Na shiga. Zafi kamar tanda, ƙaiƙayi yana cin wuyana, kuma kowane dami na ɗaga sai na yi kalmar shahada. Ina miƙawa sama, maza suna karɓa suna jerawa a tsakar gida. Dawar bana ta ƙare, sai ga ta bara. Ta bara ta ƙare, sai ga wata da ta yi duhu don tsufa, ta bara waccan. Daga cikin rumbun ina jin yadda surutu ya koma raɗa, ana ƙirge a hankali. Sai muryar ƙanwar Baba, wadda ya sallama hannu wofi a watan da ya wuce, ta tashi sama.

"Haba yayana! Wannan ce babun?"

Baba ya ce, "Ta ɓeraye ce, ajiya suka ba ni."

Inna kuma ta riƙe haɓa tana cewa, "Shekara arba'in ina auna tuwo da tsoro a gidan nan!"

Ni dai ina ciki ina dariya ina hawaye, ban san wanne ya fi yawa ba.

A can ƙasa, a wani lungu mai ɗan sanyi tsakanin dami biyu na ƙarshe, na same ta a nannaɗe. Na taɓa ta, ta ja numfashi ta yi wani huci da ban taɓa ji daga gare ta ba. Da rai! Na yi kabbara, aka amsa daga waje. Amma da na fito da ita haske, sai murna ta koma ciki. Idanunta biyu sun yi fari-fari da ɗan shuɗi, kamar an ɗiga musu nono. Jikinta ya yi toka gaba ɗaya.

Wani ya ce, "Gubar ta hau ido." Wata ta ce, "Kai, ita ma yanar ta kama ta, kamar mai gidanta."

Na mayar da ita akwati, ta shige daron ruwa ta lafe. Na zauna da waya a hannu na kusan awa guda. Shaiɗan ya kawo mini shawarwari masu kyan gaske, har da cewa in ce cutar da kanta ta zo. Matata ta tsaya a kaina ta ce, "In ba ka kira shi ba, ni zan kira, kuma nawa bayanin ya fi naka tsawo."

Na kira. Na faɗa masa komai, fiton, rumbun, shinkafar ɓeran, idon. Ban rage ko ɗaya ba. 

Ya ce, "Duba cikinta da kyau. Akwai kumburi a tsakiya, kamar ta haɗiye wani abu?"

Na duba. Na ce babu.

"Kafin ka kai ta, ta ci ɓeran da ka ba ta?"

"Ta ƙi."

Na ji wani sauti kamar tari. Ya ce, "Ka jiƙa buhu safe da yamma. Kada ka taɓa ta, kada kowa ya zo kallo." Ya kashe wayar.

Kwana takwas na yi a wannan hali. Na rufe shagon, na kori 'yan kallo, na zama bawan buhun algarara. Da rana kuma ina gidan Baba ina mayar da dawa rumbu, abin da ya rage bayan dangi sun kawo gaisuwa da ƙorai. A kwana na huɗu idon ya washe, na yi tsalle har na buge kai da dogarin ƙofa, amma jikin yana nan a dushe, sai na koma zullumi.

Rana ta takwas da sassafe na tarar tana goga hanci a dutsen nan mai kaushi. Fatar leɓenta ta ɗago. Ta ci gaba da gogawa tana kutsawa tsakanin dutsen da tukunya, fatar tana juyewa baya kamar ana cire safa, har da 'yan marufan idon. Saɓa! Na sha ganin saɓar maciji a gona, ban taɓa tsayawa na tambayi yadda mai ita yake kafin ya tuɓe ba. Ta fito tana sheƙi, zanen baya kamar yau aka zana, wutsiyar ja wur.

Na fita tsakar gida da gudu ba hula ina ihu, "Ta saɓe! Ta saɓe!" Na kama hannun matata muka zagaya turmi sau biyu kafin ta tuna ita matar aure ce mai mutunci ta fizge. Baba ya leƙo ta katanga ya ce, "Haihuwa aka yi?" Na ce, "Ta fi haihuwa, Baba!"

Na kira Yaya ina haki. Wannan karon bai ɓoye dariyar ba.

Ya ce, "Tun ranar na sani. In za ta yi saɓa ba ta cin abinci, launi ya dushe, ido ya yi fari. Shi ya cece ta a rumbun, ba wayonka ba. Da a wani makon ka kai ta, da yanzu gawa kake yi mini bayani."

"To Yaya, me ya sa ba ka gaya mini ba?"

"Na gaya maka. Ina takardar?"

Na ɗaga ƙafar akwatin na zaro ta, na warware, na juya bayanta. Layi biyu ne da manyan baƙaƙe. Na farko ya ce kada a kuskura a ba ta ɓeran gida ko na rumbu, saboda guba. Na biyu ya bayyana saɓa daki-daki, har da amfanin dutsen.

Yaya ya dawo da idanu garau, ya duba ta tun daga hanci har wutsiya, ya sa aka ɗora akwatin a mota. Ya bar mini saɓar. Ya ce ita ce daidai ƙarfina, ba ta ci ba ta sha.

Daminar nan na yi wa Baba noman farko da maimai a gonarsa ta bakin rafi, ban jira ya nema ba, domin ni na jawo aka yashe masa rabin rumbu. Shanun kuwa ya aiko mini da su kamar kullum. Sai dai har yau, in na je aron ko da lauje ne, yakan riƙe abin a hannu ya ce, "Yi masa fito tukuna, mu gani ko zai bi ka."